Tarihin Aikin Asibiti a Arewacin Nijeriya: Shugabanci, Gajiya da Ƙaurar Ma'aikata

Aikin kula da marasa lafiya a ƙasar Hausa ya girmi asibiti nesa ba kusa ba. Kafin zuwan Turawa, sana'ar a rarrabe take a hannun gidajen da kowa ya sani. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Maɗori ke gyara karaya da targaɗe. Ungozoma ke yanke cibi, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego. Masu magani da malamai kuma suna da nasu fagen. Kusan duk gādo ne: yaro yakan tashi yana riƙe wa ubansa zabira, kafin a sakar masa aska ya riga ya san gidajen da zai gāda. Wanzamai suna da Sarkin Aska, wanda ke sasanta su idan wani ya shiga gidan da ba nasa ba, ya kuma tsawata wa wanda ya ɓata aiki. Ladan aikin yana zuwa ranar suna, kuɗi da hatsi da kaso daga naman rago, da kaka kuma a aiko da dami.

Wasu daga cikin hanyoyin nan sun ci rayuka, musamman yankan gishiri da yanke cibi da aska marar tsabta, kuma babu dalilin ɓoye hakan. Sai dai tsarin ya warware wata matsala da asibitin zamani ya kasa warwarewa har yau, wato zaman ma'aikaci a inda ake bukatarsa. Dukiyar wanzami ita ce mutanen da suka san shi. In ya bar garin, ya bar jarinsa.

Asibitocin farko da Turawan mulki suka buɗe a Lakwaja da Zungeru, daga baya Kaduna, an yi su ne don ma'aikatan gwamnati da sojoji. A 1902 aka haɗa likitocin gwamnati na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila a ƙarƙashin hukuma guda, aka kuma rufe ƙofarta ga duk wanda ba Bature ba, ko da ya yi karatun likita a Ingila. Tun daga nan aikin asibiti ya tashi da matakala mai tsauri: Bature a sama, baƙar fata a ƙasa, kuma ba a hawa. 'Yan mishan suka shigo ta wata ƙofar. Likita Walter Miller ya zauna birnin Zariya a 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, asibitin Vom kuma ya fara aiki a 1922. Da yake an taƙaita musu shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka sami damar riƙe zangon kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato.

Wanda ya kai maganin Bature ga talaka a yawancin Arewa shi ne malamin asibitin En'e, wato hukumar gargajiya. Hukumar gargajiya ta Kano ta gina asibitin birni a ƙarshen shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, sauran En'e-En'e kuma suka riƙa buɗe ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. An horar da masu haɗa magani a Zariya, a 1932 kuma aka buɗe makarantar koyon tsabta a Kano, wadda ta yaye duba-gari. Ranar malamin asibiti takan fara da sassafe. Jama'a na zaune a inuwa da kwalabensu, shi kuma ya wanke gyambo ya naɗe, ya auna ruwan magani daga manyan kwalabe, ya ɗiga maganin ciwon ido, ya rubuta kowane suna a littafi. Ƙarshen wata ya aika da lissafi hedikwata, lokaci-lokaci likita ya zo rangadi ya duba littafin da ma'ajiyar magani. Albashinsa kaɗan ne, amma yana fitowa daga baitulmali a kan kari, yana da gida kusa da wurin aiki, hakimi ya san shi, mutanen gari kuma “likita” suke ce masa. Mutum yakan yi shekara goma ko fiye a gari ɗaya, ya yi aure a nan, ya yi gona. Abin da ya rasa shi ne ƙarin girma, domin yawanci a matsayin da ya shiga aiki yake yin ritaya.

Likitoci 'yan ƙasa sun yi jinkirin fitowa a Arewa. Makarantar Yaba da aka buɗe a Legas a 1930 mataimakan likita take yayewa, a kan albashin da bai kai na Bature ba. Ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita shi ne Dokta R.A.B. Dikko, ɗan Wusasa da ya yi karatu a Birmingham, wanda asibitin koyarwa na jihar Kaduna ke ɗauke da sunansa, Barau Dikko. A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar likitanci a Kano don samar da mataimakan likita cikin hanzari, amma ba ta daɗe ba. Ƙarancin mata ya fi tsanani. 'Yan mata ƙalilan ne ke gama firamare, iyaye kuma ba sa son 'yarsu ta yi aikin dare a cikin maza, don haka nas-nas da ungozomomin asibitocin Arewa akasari daga Kudu suke ko daga makarantun mishan.

Rikicin 1966 ya nuna hatsarin wannan dogaro. Cikin 'yan makonni ma'aikatan da suka fito daga Gabas suka bar Arewa, ɗakunan jinya da na gwaje-gwaje da na magani suka zama ba masu riƙe su. Jami'ar Ahmadu Bello, a ƙarƙashin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne, ta buɗe sashen koyar da likitanci a 1967. Kafin ɗalibanta su fito su yi yawa, sababbin jihohi sun cike giɓin da likitocin haya daga Masar da Indiya da Pakistan da wasu ƙasashe. A shekarun 1970 ba abin mamaki ba ne a tarar da babban asibitin gari guda ba likita ɗan ƙasa ko ɗaya, malamin jinya ne ke yi wa baƙon likita tafinta.

Kuɗin mai ya sa shekarun 1970 suka zama lokacin da aikin gwamnati ya fi daraja. Ƙarin albashin Udoji ya zo a tsakiyar shekarun, sabon likita yana samun gidan gwamnati da bashin mota. Shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, ya tsara gina ƙananan asibitoci a karkara, aka buɗe makarantun fasahar kiwon lafiya a jihohi, waɗanda suka yaye jami'an lafiyar al'umma da ke riƙe da yawancin asibitocin ƙauye har yanzu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ɗakunan shan magani suka koma hannun sababbin majalisu. An yi gine-gine da yawa a lokacin. Tunanin wanda zai zauna a cikinsu, da inda zai kwana, da makarantar da 'ya'yansa za su shiga, bai sami irin wannan kulawa ba.

Faɗuwar farashin mai ta zo da wuri. Sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Birgediya Sani Abacha ya karanta, ta ambaci cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Da ƙungiyar likitoci ta ƙasa ta shiga yajin aiki a 1985 kan wannan yanayi da kuma haƙƙoƙin 'ya'yanta, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar, ta tsare wasu shugabanninta, ciki har da Dokta Beko Ransome-Kuti. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986. A 1985 naira ɗaya ta ɗara dala ɗaya. A 1987 sai da naira huɗu ake samun dala, a 1993 kuma naira 22 a farashin hukuma. Likitocin haya, waɗanda ke aika albashinsu gida, suka tattara suka tafi. Manyan likitoci 'yan ƙasa da ƙwararrun nas-nas suka bi bayansu, da yawa zuwa Saudiyya da ƙasashen Larabawa, inda albashin wata guda ke iya zarce na shekara a gida, ga kuma kusanci da Makka da Madina ga Musulmi. Wasu suka nufi Ingila da Amurka. Abin ya kai gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti a 1988 don binciken ƙaurar ƙwararru. Asarar ta wuce adadin waɗanda suka tafi, domin malaman da za su koyar da na baya ne suka fi tafiya.

A daidai wannan lokaci ne aka sami ministan lafiyar da ma'aikata suka fi tunawa da shi, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, yayan Beko, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992. Ya ɗauki ƙudurin taron lafiya na Alma-Ata na 1978 da gaske, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 don gwada tsarin kiwon lafiya a matakin farko, ya fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, ya faɗaɗa rigakafin yara. Jami'in lafiya na ƙauye ya ga ana zuwa duba aikinsa, ana kiransa bita, ana tambayar lissafinsa. Wannan ya nuna cewa ko a cikin talauci, shugabanci mai bibiya yana ɗaga ƙwazon ma'aikaci.

Amma daga wannan zamanin ne kuma rigimar shugabancin asibiti ta samo tushe. Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ta tanadi cewa likita ne zai shugabanci asibitin koyarwa, a 1991 kuma aka ware wa likitoci tsarin albashi nasu daban. Likitoci suna ganin su ke ɗauke da alhakin ƙarshe a kan majinyaci, don haka jagoranci nasu ne. Nas-nas da masu haɗa magani da masana gwaje-gwaje suna ganin an toshe musu matakala, komai ilimin mutum da daɗewarsa. A 2009 aka sake fasalta albashin gida biyu, CONMESS na likitoci da CONHESS na sauran ma'aikata, sauran ƙungiyoyin kuma suka dunƙule a ƙarƙashin JOHESU. Tun daga nan duk ƙarin da aka yi wa ɓangare ɗaya yakan haifar da yajin aikin ɗaya ɓangaren. Likitoci sun yi yajin kusan wata biyu a 2014, JOHESU ta yi na mako shida a 2018, likitoci masu neman ƙwarewa suka yi na wata biyu a 2021. Kwamitin Alhaji Yayale Ahmed ya miƙa rahoto kan sasanta ɓangarorin a ƙarshen 2014, rigimar kuwa tana nan. Wani abin da ba a cika faɗa ba a wannan muhawara shi ne, ko likita ko nas, da wuya a koya wa mutum tafiyar da ma'aikata kafin a ɗora shi a kujera. Ƙwarewa a tiyata ba ta koyar da tsara jadawalin aiki, ko sauraren koken ƙaramin ma'aikaci, ko kare shi idan dangin majinyaci suka taso masa.

Matsananciyar gajiyar aiki, wadda masanin halayyar ɗan'adam Herbert Freudenberger ya bayyana a Amurka a 1974, ta sami ma'auni a hannun Christina Maslach a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta a matsayin lamarin da ke tasowa daga wurin aiki, ba cuta ba, mai alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da jin cewa ƙoƙarin mutum ba ya haifar da komai. Duk wanda ya kwana a ɗakin haihuwa na babban asibitin jiha ya ga yadda take samuwa. Ungozoma ɗaya ko biyu ne a aikin dare, gadaje a cike, wasu mata a tabarma. An kawo mai jijjiga daga ƙauye bayan ta kwana tana naƙuda a gida, wata kuma tana zubar da jini, ba jinin da za a ƙara mata sai an nemo ɗan'uwa. Wuta ta ɗauke, ana ɗinki da fitilar waya. An rubuta wa miji safar hannu da ruwan ƙari ya sayo a kemis, ya dawo ya ce kuɗinsa bai kai ba. Likitan da ke bakin kira yana ɗakin tiyata tun la'asar, kuma da safe zai zauna ganin marasa lafiya. Idan aka rasa rai, ungozomar da ke tsaye ita dangi ke gani.

Jama'a na yawan kuka da faɗan nas-nas da wulaƙancinsu, kuma kukan yana da gaskiya. Mace mai naƙuda ba ta cancanci tsawa ba ko da wane dalili. Sai dai wannan bushewar zuciya ita ce alama ta biyu da masana suka lissafa. Yarinyar da ta shiga makarantar ungozoma da tausayi ba ta rasa shi dare ɗaya ba. Kowane abokin aiki da ya tafi ba a maye gurbinsa ba, nauyinsa kan wanda ya rage yake komawa, shi ma ya fara neman hanyar fita. Alawus ɗin hatsarin aiki ya tsaya a naira 5,000 a wata na tsawon shekaru, har ta kai ma'aikata sun shiga annobar korona a kansa, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Ƙaurar ma'aikata a Arewa hawa-hawa ce. Na ƙauye yana neman a mayar da shi birni. Na jiha yana neman asibitin tarayya, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika da cibiyoyin lafiya na Gusau da Birnin Kudu da Nguru, domin jihohi da yawa ba sa biyan cikakken albashin da tarayya ke biya. Wasu suna komawa ƙungiyoyin agaji masu biya da tsoka. Na tarayya kuma yana rubuta jarabawar fita waje. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aiki, masu ɗaukar ma'aikata wa Saudiyya sun yi zaman tantancewa a wani otal a Abuja, likitoci suka yi dafifi. Jihar talaka ce ke biyan kuɗin karatun, wani wuri ke cin moriyar, tamkar mai zuba ruwa a tulu mai yoyo.

Rashin tsaro ya ƙara wani dalili da babu albashin da zai maganta. A Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu rigakafin shan-inna a Kano, a watan kuma aka kashe likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa a Potiskum. A 2018 aka sace ungozomomi biyu, Saifura Khorsa da Hauwa Liman, a Rann ta jihar Borno, aka kashe su cikin shekarar. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, satar mutane ta sa an rufe ƙananan asibitoci da dama, wasu kuma sai da rana ake buɗe su.

Gwaje-gwaje biyu sun fayyace abin da ke riƙe ma'aikaci da abin da ke korarsa. A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, sababbin yaye da marasa aiki da masu ritaya, fiye da 2,000 a zangon farko, zuwa ƙananan asibitoci 652. Yarjejeniyar ita ce tarayya ta biya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 tare da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu kason ba. Ungozoma takan isa ƙauye ta tarar ba ɗaki, ba ruwa, ba ta jin harshen garin, mijinta da 'ya'yanta suna wata jiha. Da yawa suka ajiye aikin, kuma Arewa ce ta fi asarar su. Shiri na biyu, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya Borno, ya bi ta wata hanya. Al'umma ce ke zaɓen 'yarta, a sa ta a ajin share fage ta gyara sakamakon jarabawarta, ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, da sharaɗin ta dawo ta yi wa garinsu aiki. An gina ɗakunan kwana na mata, an tanadi wurin renon jarirai, an zauna da iyaye da mazaje da malamai. Wadda ta koma garinsu ta koma cikin dangi, ba ta neman masauki, kuma matan da take karɓa wa haihuwa sun san ta tun tana ƙarama. Inda shirin ya yi rauni shi ne inda jiha ta yi jinkirin ɗaukar waɗanda aka yaye aiki.

Wani ciwon na shugabanci shi ne rarrabuwar iko. Ma'aikacin ƙaramin asibiti kan tarar wata hukuma ce ta ɗauke shi, wata ke biyansa, wata ke canza masa wurin aiki, wata ke kawo magani, ba kuma wadda za ta amsa kokensa. Majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a 2011 a haɗa waɗannan a ƙarƙashin hukuma guda a kowace jiha, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na matakin farko. Jihohi sun bambanta ƙwarai wajen aiwatarwa.

A 'yan shekarun nan martanin hukuma ya kasu tsakanin ɗaurewa da lallashi. A 2023 an gabatar da ƙuduri a majalisar wakilai na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca. A farkon 2024 hukumar nas-nas da ungozomomi ta gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, nas-nas suka yi zanga-zanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya, tare da Nijar da Gana, cikin ƙasashe 55 da ba a so a riƙa zawarcin ma'aikatansu, amma hakan bai hana mutum neman aiki da kansa ba. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce a 2024 likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar, saura kimanin 55,000, su ma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Gwamnati ta ƙara gurbin ɗalibai a makarantun lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, a watan Agustan shekarar kuma ta amince da manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta yi maganar ƙayyade sa'o'in aiki, da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikaci, da alawus ga masu zama a karkara, da sauƙaƙa dawowar waɗanda ke waje. Manufar ta tarayya ce, yawancin asibitocin Arewa kuwa na jihohi da ƙananan hukumomi ne, kuma su ke yanke albashi da ɗaukar ma'aikata da gina gidajensu.